LAIFIN WANE NE?

Ya mai karatu, ka taɓa zama a ƙofar gida ranar da mace take kan gwiwa? Mata suna ciki, maza suna waje bisa tabarma, kowa ya kasa kunne. Can sai a ji kukan jariri, tsohuwa ta leƙo ta ce, "An samu mace." Idan haihuwar fari ce, sai a yi ta barka. Idan kuwa ta huɗu ce a jere, sai ka ga fuskar maigida ta sauya. Kafin ranar suna magana ta zagaya gari, wai matar nan ba ta iya haihuwar maza ba.

Ba wannan kaɗai ba. Idan ciki ya ɓare, a ce ita ta yi ganganci. Idan 'ya'ya suna mutuwa tun suna ƙanana, a ce tana wabi. Idan aka haifi zabiya, a shiga yi mata kallon zargi. Idan shekara biyar ta wuce ba ciki, a kira ta juya. A kowane hali yatsa wuri ɗaya yake nunawa, wato wurin mace.

Tun shekarar 1950 da aka buɗe asibitin mishan a Galmi, matan ƙasar nan suke zuwa awon ciki da haihuwa, daga Malbaza da Dogarawa, daga Birnin Ƙonni da Illela, har da na ƙetaren iyaka. Yau kuma akwai ɗakunan haihuwa na gwamnati a garuruwa da yawa. Akwai abin da ake koya wa kowace ungozomar asibiti tun farkon karatunta, wato yadda ciki yake shiga, da yadda ɗa yake gadon iyayensa, da yadda yake girma a cikin mahaifa. Wannan sani bai kamata ya tsaya a asibiti ba, gama yana amsa tambayar da ta raba gidaje da yawa: laifin wane ne?

MANOMI DA GONA

Mutanenmu sukan ce namiji manomi ne, mace kuwa gona. Shi ke zuba iri, ita ke tsirar da shi. Bari mu ɗauki maganar a yadda take, mu ga inda za ta kai mu.

Ka taɓa ganin wanda ya shuka hatsi, sa'an nan ya tsaya yana zagin gona don ba ta ba shi dawa ba? Kowa zai ce ya taɓu. Idan gaskiya ne iri duka na namiji ne, ashe abin da ya tsiro nasa ne, ba shi da bakin magana. Amma dubi yadda muke yi. Idan yaro ya fito kyakkyawa mai hankali, mu ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Idan ya fito da wata nakasa, mu ce daga dangin uwarsa ne. Awo biyu ke nan muke riƙe da su, na saye dabam, na sayarwa dabam. A kasuwa mun san sunan mai yin haka.

Ga kuma wani abu. Misalin nan na manomi da gona bai cika daidai ba. Tambayi masu noman albasa a Galmi da Tsarnawa, waɗanda irinsu ya yi suna har ƙasashen bakin teku. Sun sani idan farar albasa ta yi fure kusa da ja, ƙudan zuma da ƙudaje za su kwashi garin furen wannan su kai wa waccan, irin da za a samu ya fito gauraye. Ashe kowace ƙwayar iri iyaye biyu gare ta. Haka yake ga ɗan adam.

RABI DA RABI

Jikinka an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu abubuwa masu kama da zare, masana suna kiransu kuromosom. Mu kira su zaren gado, gama a jikinsu ne aka ajiye umarnin yadda mutum zai zama, launin fatarsa, da tsayinsa, da irin jininsa. A shekarar 1956 aka tabbatar da yawansu a wani ɗakin bincike na ƙasar Suwidin: guda 46 ne, an jera su biyu biyu.

Daga ina ka samo 46 ɗin nan? Guda 23 daga mahaifinka, guda 23 daga mahaifiyarka. A kowane wata mace takan saki ƙwai guda, wanda bai kai ƙwayar yashi girma ba, yana ɗauke da zare 23. Irin namiji kuwa miliyoyi ne, kowanne da nasa zare 23. Guda ɗaya tak yake shiga ƙwan. Da shigarsa lissafi ya cika, sabon rai ya soma, da gadon da ba a taɓa yin irinsa ba tun da aka yi duniya.

Ashe mace ba gona kaɗai ba ce. Rabin irin nata ne, bayan haka kuma ita ce take ɗauke da shi wata tara.

Wanda ya fara gane ka'idar gado wani malamin ikkilisiya ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cak ta yau. Ya yi shekaru yana shuka wani irin wake na ƙasarsu a lambu, yana barbara wannan da wancan, yana ƙidayar abin da ya fito. A 1866 ya buga sakamakon aikinsa. Ya ga hali yana iya ɓuya a wani zamani, sa'an nan ya sake bayyana ga jikoki. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

NAMIJI KO MACE

A cikin zaren nan 46, biyu ne suke yanke ko ɗa namiji ne ko mace. Masana sun sa musu haruffa, X da Y. Mace tana da X biyu. Namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Wata masaniya a Amurka, Nettie Stevens, tana cikin waɗanda suka gano wannan a 1905.

To, ka lura. Kowane ƙwan da mace ta saki X yake ɗauke da shi, gama ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Irin namiji kuwa kashi biyu ne, kimanin rabi masu X, rabi masu Y. Idan mai X ya riga shiga, a haifi mace. Idan mai Y ne, a haifi namiji. Don haka abin da yake raba namiji da mace daga wajen uba yake fitowa.

Kada wata ta karanta wannan ta ce, "Ashe laifin maigida ne!" A'a. Shi ma ba shi da ikon zaɓe. Ba abincin da zai ci, ba laya, ba saiwa, da za su sa wannan ya riga wancan. Cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu, akan sami kamar gida ɗaya da duka huɗun mata ne, da kamar gida ɗaya da duka maza ne. Kakanninmu sun saba ganin haka, shi ya sa suke da sunan Tanko ga namijin da ya biyo mata, da Kande ko Delu ga macen da ta biyo maza.

Rashin sanin wannan ya sa an yi zalunci har a fadar sarakuna. Sarkin Ingila Henry na 8 ya rabu da matarsa ta fari domin ba ta bar masa ɗa namiji ba, ya sa aka kashe ta biyu a 1536. Daga baya ya sami namijin da yake nema, amma yaron ya rasu yana da shekara 15. 'Yar da matar nan ta biyu ta haifa, wato Elizabeth, ita ta hau gadon a 1558, ta riƙe ƙasar shekara 44.

ABIN DA YAKE ƁOYE CIKIN JINI

Akwai ciwon da kusan kowane ƙauye ya sani. Jariri yakan zo lafiya lau. Bayan wata biyar ko shida sai hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Yana girma yana fama da ciwon ƙashi, musamman da sanyin hunturu, idonsa ya yi rawaya, jininsa yana ƙarewa. Ana kiransa amosanin jini, ko sikila, a nan Nijar kuma waɗansu suna cewa emasi.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne, suna yin kamar kwana 120 kafin su mutu. Na mai wannan ciwo sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Ga tushen zafin, ga tushen ƙarancin jinin.

Ba maita ba ce, ba kuwa iska ba. Gado ne, kuma sai an samo shi daga wajen iyaye biyu. Mai jinin AA ba ya ɗauke da shi. Mai AS yana ɗauke da shi a ɓoye, amma lafiyarsa kalau, yana noma yana dako bai san kome ba. Mai SS shi ne mai ciwon. A maƙwabciyarmu Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, a ƙasar Hausa kuwa iyaka ba ta raba jini ba.

Ga yadda za ka gane lissafin. Ɗauki ƙwarya biyu, ɗaya ta miji, ɗaya ta mata. A kowace ka sa farin wake guda da jan wake guda. Rufe ido, ka ɗauko guda daga nan, guda daga can. Wani lokaci fari biyu za ka samu, shi ne AA. Sau da yawa fari da ja, shi ne AS. Kimanin sau ɗaya cikin huɗu ja biyu, shi ne SS. Ka mayar da waken, ka sake. Haka kowane ciki yake, sabon ɗauka ne, ba ya tuna na baya. Shi ya sa wani gida 'ya'ya uku a jere suke da ciwon, wani gida kuwa ko ɗaya. Ba shakka waɗansu cikin matan da aka yi ta kira masu wabi, wannan ne ya cinye musu 'ya'ya, rabinsa kuwa daga wurin mazansu ya zo.

Me ya sa wannan gado ya yawaita a cikinmu? A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Ashe abin da ya zama nauyi ga jika, garkuwa ne da ya ceci kakanninsa. Wa za ka zarga a nan?

Haka zancen zabiya yake. Uba baƙi, uwa baƙa, amma kowannensu yana ɗauke da gadon a ɓoye, sai ya haɗu a jikin ɗa guda. Mukan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, mu shiga zargin matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Yaron ɗan ubansa ne, jininsa ne. Abin da yake bukata shi ne hula mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da inuwa, da wurin zama a gaban aji saboda idonsa.

ƁARI DA RASHIN HAIHUWA

Ɓari ya fi yadda muke tsammani yawa. Cikin goma da aka san sun shiga, ɗaya ko biyu sukan zube, galibi a wata uku na fari. Kimanin rabin irin wannan ɓari, dalilinsa kuskure ne a lissafin zaren gado tun ranar da ciki ya shiga, wani zare ya ƙaru ko ya ragu. Ba dakan da ta yi jiya ba ne, ba kuwa bakin wata maƙwabciya ba.

Rashin haihuwa kuma, likitoci sun tabbatar cikin kusan rabin ma'auratan da suke fama da shi, akwai matsala a wajen mijin, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma sau nawa ka ga namiji ya kai kansa a gwada shi? Sai a yi ta ɗirka wa mace jiƙe-jiƙe shekara da shekaru, shi kuwa yana zaune a majalisa ana tausaya masa.

TAMBAYAR ALMAJIRAI

Tambayar nan tsohuwa ce. A cikin Bisharar Yahaya sura 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san wanda ya jawo masa, shi ko iyayensa. Yesu bai ɗora wa ko ɗaya ba. Ya juya hankalinsu daga neman mai laifi zuwa aikin da ya kamata a yi, sa'an nan ya taimaki mutumin.

Don me zuciyarmu take son mai laifi haka? Domin baƙin ciki kaya ne mai nauyi, mutum yana neman inda zai sauke. Yakan sauke shi a kan wanda ba zai iya ramawa ba. A gidajenmu kuwa wace ce wannan? Baƙuwar da aka kawo daga wani gida, wadda take kwance cikin jego.

Amma ka yi tunani. Laifi yana bin zaɓi. Ba a hukunta mutum a kan abin da bai zaɓa ba, bai kuwa da ikon hanawa. Kai ka zaɓi tsayinka? Ka zaɓi jinin da mahaifinka ya ba ka? In ba ka zaɓa ba, matarka ma ba ta zaɓi nata ba. Wanda ya tsananta wa mace saboda gado, ya yi shaidar zur a kanta, ko da bai je gaban alƙali ba.

TO, SAI MU NAƊE HANNU?

Wani zai ce, "Madalla. Tun da ba laifin kowa, kome nufin Allah ne, ba abin da ya rage mini." A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Abu biyu ne a gabanmu, kada mu gama su. Akwai gado, akwai amana. Gado shi ne abin da aka ba ka ba da shawararka ba, ba za a tambaye ka a kansa ba. Amana ita ce abin da aka sa a hannunka, lalle za a tambaye ka. Manomi ba shi da iko a kan ruwan sama, amma in ya bar ciyawa ta cinye gona, ba zai ce nufin Allah ba ne.

Abin mamaki, mukan juya su. Inda ba mu da iko, wato namiji ko mace, nan muke faɗa. Inda muke da iko, wato abincin mai ciki da awo da kuɗin mota, nan muke cewa sai abin da Allah ya yi. Bari mu ga abin da yake faruwa cikin watannin nan tara, domin mu san girman amanar.

WATA TARA

Ƙwayar nan guda da ta soma takan rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Bayan kamar mako ɗaya ta kama jikin mahaifa. Kimanin kwana 22 da shigar ciki zuciya ta fara bugawa. Kafin kwana 28 tushen ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ya rufe. A lokacin nan sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Kafin mako 8 ya cika, an kafa dukan manyan gaɓoɓi, ga hannu ga ƙafa ga 'yan yatsu, alhali tsawonsa duka bai wuce santimita 3 ba.

Ka ga watannin da muka fi rainawa su suka fi hatsari. A lokacin ne ƙwayoyin da ake talla a tire a kasuwa, da giya, da taba, da saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba, suke iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A lokacin ne kuma kunya take hana yarinya mai cikin fari ta faɗa wa kowa. Kunya ado ce, amma kada ta hana zuwa awo. Ya ke uwar miji, ke kin riga kin gane alamun. Kada ki jira a faɗa miki, ki ɗauki mayafinki ki raka ta.

Wajen wata na huɗu zuwa na biyar uwa takan fara jin motsi. A wata na shida ɗan yana jin sauti, har da muryoyin mutanen gida. Wata uku na ƙarshe na ƙiba ne da ƙosawar huhu. Ungozoma takan ƙidaya mako 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Lafiyayyen jariri yakan zo da nauyin kamar kilo 3. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba yana bukatar kulawa ta musamman.

Duk wannan lokaci ba ya ci da baki, ba ya numfashi da hanci. Ta mabiyiya da igiyar cibiya yake samun kome daga jinin uwarsa. In ta ƙoshi, ya ƙoshi. In jininta ya yi ƙaranci, shi ma ya sha wuya. Ƙwayoyin zazzaɓin sauro kuwa sukan taru a mabiyiya su tare masa hanyar abinci, ko da uwar ba ta ji zazzaɓi ba.

Ga amanarka, ya maigida.

Ka sa ta fara awo tun cikin wata uku na fari. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. A 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta yi dokar ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa da na awon ciki. Ko da haka mota da guzuri suna wuyanka. Ka ware kuɗinsu tun ranar da ka sayar da albasa ko wake.

Ka lura tana shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta kowace rana, da maganin rigakafin zazzaɓi da akan fara bayan wata uku, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Ta karɓi allurar rigakafin sandarewar jarirai, ta kwana cikin gidan sauro.

Kada ta zama ta ƙarshe a wajen cin abinci. Wake, da zogale, da gyaɗa, da nono, da ƙwai, da hanta in ta samu, da gishiri mai aidin, duk abincin mutum biyu ne. Ka rage mata tulu da itace.

Ka san alamun hatsari: zubar jini, kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. In ka ga ɗaya, kada a tsaya shawara. In kuwa za ka tafi cin rani, ka bar izini da kuɗi a hannun wani, domin kada a zauna jiran maganarka mace tana mutuwa.

Kai kuma uban 'ya, amanarka tana farawa tun kafin aure. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, in ta ɗauki ciki, kan ɗa yakan kasa wucewa. Ƙarshensa sau da yawa gawar jariri ce da yoyon fitsari. A 2012 aka buɗe asibiti musamman domin masu wannan lalura a Danja, kusa da Maraɗi. Gyaran yana yiwuwa, amma rigakafi ya fi magani. Wannan ba gado ba ne, shawarar manya ce.

TAMBAYA MAI WUYA

Saura magana ɗaya, ba kuwa mai sauƙi ba ce. A ce saurayi da budurwa suna son juna, iyaye sun yarda, aka gwada jini aka tarar dukansu AS ne. Me za su yi?

Da fari, gara a sani da a zauna cikin duhu. Gwajin nan dabam yake da na rukunin jini, wato A da B da O, sai ka faɗa wa likita ainihin wanda kake so. A yi shi da wuri, tun kafin a kai kayan tambaya, tun zukata ba su ƙullu ba. Ya fi zama wajibi inda za a yi auren zumunci, gama 'yan'uwa sukan ɗauki ɓoyayyen gado iri ɗaya daga kaka guda.

Na biyu, daga ranar da suka sani, abin ya tashi daga gado ya zama amana. Akwai mutum na uku a cikin maganar, wanda ba a haifa ba tukuna, ba shi da baki a wurin shawara, shi ne kuwa zai sha zafin. Dole a auna shi. Waɗansu sukan haƙura da juna saboda shi, wannan kuwa ƙauna ce, ba tsoro ba. Waɗansu sukan ci gaba da idonsu a buɗe. Ba wanda zai yanke musu daga nesa. Amma kada su yanke cikin gaggawa. Su zauna da likita, da iyaye, da dattawan ikkilisiya, su je su ga gidan da ake jinyar mai ciwon. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne ɓoye sakamako, ko sayen takardar ƙarya.

Na uku, in kun riga kun yi aure, ga kuma yaro mai SS a gida, wannan ba dalilin rabuwa ba ne. Ku biyu kuka ba shi jinin, ku biyu za ku riƙe shi. Rigakafi a kan kari, da gidan sauro, da ruwan sha mai yawa, da suturar sanyi, da zuwa asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi, suna tsawaita ransa ƙwarai. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo. Da yawa a cikinsu sun girma sun yi karatu sun yi iyali.

Sai dai mu yi hankali, kada sabon sani ya zama sabuwar sanda. Budurwa mai AS ba mara lafiya ba ce, in ta auri mai AA ba za su haifi SS ba. Kada a ɓata mata suna a gari. A Indiya, da na'urar hoton ciki ta yaɗu, mutane suka shiga zubar da cikin 'ya'ya mata, har gwamnati ta yi doka a 1994 ta hana a faɗa wa iyaye ko namiji ne ko mace. Ilimi bai gyara zuciyar da ta raina 'ya mace ba, sai ma ya ba ta wuƙa.

KAI FA?

Ya mai karatu, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wataƙila akwai maganar da ka taɓa faɗa wa matarka ranar wata haihuwa, ko bayan wani ɓari. Kai ka manta, ita ba ta manta ba. Wataƙila ke ce uwar miji da kika sa wa surukarki suna. Yanzu ka san abin da ba ka sani ba a dā. Ka je ka nemi gafararta yau, ka faɗa mata ba laifinta ba ne. Ka karanta wa mutanen gidanka wannan takarda, har da samari da 'yan mata.

In kuma akwai mai ciki a gidanka, ka tambaye ta ranar awonta na gaba, ka shirya yadda za ta je. Ran da tsohuwa ta leƙo ta ce an samu mace, ko ta biyar ce, ka tashi ka yi godiya ga Allah, ka tambayi lafiyar mai jego, ka nemo ragon suna mai kyau kamar yadda za ka nema wa namiji.